Ibrahim Narambaɗa, Makaɗin Sarkin Gobir na Isa

Wanda ya tashi daga Tambuwal ko Kebbe ya nufi Isa, ya san ya yi tafiya. Mu muna kudu da birnin Sakkwato, wajen ƙasar Gwandu da Kabi, ita kuwa Isa tana can gabas, ba nisa da iyakar Nijar. A zamanin da a ke tafiya a ƙasa ko bisa jaki, sai mutum ya yi kwanaki yana kwana a zango kafin ya isa. Dattawanmu da yawa har suka koma ga Allah ba su taɓa sa ƙafa a Isa ba. Amma da wuya ka sami ɗaya a cikinsu wanda bai san sunan Sarkin Gobir Amadu ba, har da na kakanninsa, da na dokinsa. In kuwa ka tambaye shi wa ke riƙe da wata gunduma ta kusa da mu a wannan zamani, sai ka ga yana sosa ƙeya. Ba kowa ya jawo haka ba sai mutum guda da 'yar gangarsa rataye a kafaɗa, watau Ibrahim Narambaɗa. Waƙoƙinsa kowa ya ji su, amma labarin shi kansa kaɗan ne suka sani, ga shi kuwa cike ya ke da abubuwan mamaki.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san gidan da makaɗin nan ya yi wa bauta, don gidan ɗan'uwan namu ne. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808, yaƙi bai ƙare ba. Gobirawa suna taɓawa daga gabas da arewa, Kabawa suna taɓawa daga yamma. Sabo da haka aka bi kan iyakoki ana kafa garuruwan ribaɗi, ana zaunar da 'ya'yan gidan Shehu a cikinsu su tsare ƙasa. Tambuwal ta Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, tana fuskantar Kabi. Isa kuwa ta zama ta zuriyar ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, tana fuskantar Gobir, aka kuma ba mai riƙe da ita sarautar Sarkin Gobir. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sai duk waɗannan garuruwa suka koma gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Ke nan Sarkin Gobir na Isa hakimi ne, kamar yadda Sarkin Tambuwal ya ke hakimi. Ba sarkin yanka ba ne kamar na Kano ko na Katsina. Ku riƙe wannan, don za mu komo kansa.

An haifi Ibrahim a wani gari da a ke kira Tubali, cikin ƙasar Isa. Sunan mahaifinsa Maidangwale, mahaifiyarsa kuwa Riba, mutuniyar Badarawa. Masu ba da labari sun ce asalin Maidangwale daga Filinge ya ke, a ƙasar Nijar ta yau, kuma ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ya yi suna a fagen dambe. Wajen shekarar haihuwa kuwa, waɗanda suka rubuta tarihinsa sun rabu: waɗansu sun sa 1875, waɗansu 1890. Ni da aikina shi ne zama da rajista ina rubuta sunaye da kwanan wata, wannan bai ba ni mamaki ba. A wancan zamani babu mai rubuta ranar haihuwar ɗan talaka. In an tambayi tsohuwa, sai ta ce shekarar fari ce, ko shekarar da aka yi yaƙin wuri kaza. Ko bayan zuwan Turawa, abin da ke kai sunan talaka cikin takarda haraji ne. Ranar naɗin hakimi tana nan a rubuce, da ranar da ya rasu, da albashinsa har sule da kwabo. Makaɗinsa kuwa ba wanda ya ga dalilin ɓata tawada a kansa.

To, sunan nan Narambaɗa, daga ina ya fito? Ga al'adar Hausa, in an ce Na-wane, ana jingina mutum ne ga wani abu da aka san shi da shi, ko ubangida, ko gari, ko sana'a. Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, daga garin Gwamatse ya sami nasa. Wanda bai sani ba sai ya zaci Rambaɗa ma wani gari ne, ko wani babban basarake. A'a. Rambaɗa karya ce. Ibrahim yana saurayi yana da wata karya da ya ke ji da ita, duk inda ya sa ƙafa tana biye, ya sa mata suna Rambaɗa. Abokansa suka riƙa ce masa na Rambaɗa, kamar wasa, suna ya bi shi.

Ku duba fa. Kare ba dabba ce mai daraja ga Bahaushe ba. Ana ajiye shi don farauta ko tsaron gida, amma ba a shiga da shi zaure, in kuwa an so a ci mutuncin mutum sai a haɗa shi da kare. Wani in ya girma ya sami shiga fada, da sai ya yi ƙoƙari ya binne irin wannan suna, ya ce a kira shi Malam Iro. Shi bai yi haka ba. Da bakinsa ya ke kiran kansa Narambaɗa a tsakiyar waƙa, gaban sarki da alƙali da liman, yana taƙama. Ya riƙe sunan har ya wanke shi, yau in an ambata shi ba wanda kare ke faɗo wa a rai.

Abu na biyu, bai gaji kiɗa ta wajen uba ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. Sana'a gado ce: ɗan maƙeri maƙeri, ɗan wanzami wanzami, ɗan makaɗi makaɗi. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, a gidansu ya tarar da kiɗa. Musa Ɗankwairo ma haka, tun yana ƙarami ya ke amshi a bayan mahaifinsa. Narambaɗa kuwa ta wajen uwa abin ya biyo. Dangin Riba makaɗa ne, an ce kotson kakansa na wajen uwa ya tarar a ajiye, ya ɗauka ya gyara, ya shiga taɓawa. Amma ni ina ganin uban ma bai bar shi hannu wofi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a fagen dambe ya ji yadda ɗan dambe ke kirari, yana ɗaga hannu yana faɗin ko shi wane ne, in ya saurari yadda Narambaɗa ke wasa kansa cikin waƙa zai ji ƙamshin wannan fage. Wannan ra'ayina ne, ban ce dole kowa ya yarda ba.

Kuma ba a fada ya fara ba, a gona ya fara. Kiɗan noma ya soma yi. Yaran yanzu da suka tashi suka tarar da garmar shanu da tarakta ba su san wannan sosai ba. In mai gona ya kira gayya, samarin gari su kan jeru kowa da kuyyarsa, makaɗi na biye da su yana kiɗa, yana kiran sunan kowane da na ubansa, yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa na baya ba'a. Raggo ya kan ji kunya ya ƙara himma, jarumi kuwa har ya manta da rana. Makaranta ce babba ga mai son waƙa, don nan take a ke ganin amfanin magana. In kalma ta shiga jikin mutum, ga ƙura nan tana tashi. In ba ta shiga ba, kowa ya gani. Nan Narambaɗa ya koyi inda a ke taɓa namiji ya motsa. Ko da ya koma waƙar sarauta, gona ba ta bar bakinsa ba. Misalansa na mutumin ƙauye ne: ruwa da gulbi, damina da rani, giwa da zaki da kura, tsuntsaye da itatuwan daji. Shi ya sa manomin Kebbe ke gane shi sarai, ko da ya ke ba don shi aka yi waƙar ba.

Bari in ɗan faɗi yadda kotso ya ke, don na lura mutane da yawa suna ruɗa shi da kalangu. Icce a ke sassaƙawa a tsuke tsakiyarsa kamar na kalangu, amma baki ɗaya a ke rufewa da fata, ɗayan a bar shi buɗe. A kan liƙa wani ɗan danƙo a tsakiyar fatar, ana kiransa nake, shi ke ba shi zaƙin murya. Ana rataya shi a kafaɗa, a matse tsarkiyarsa a saki don murya ta hau ko ta sauka, kuma da hannu a ke kaɗa shi, ba da ɗan icce ba. Kalangu na kowa ne, mahauta da 'yan mata da 'yan dambe duk suna da rabo a ciki. Kotso kuwa, da taushi, da jauje, kayan fada ne, ba a kaɗa wa talaka su komai dukiyarsa. Sabo da haka ran da Narambaɗa ya bar kiɗan noma ya riƙi kotso, ya san ya zaɓi hanya: ba shi da sauran masu saye sai sarakuna.

Ubangidan da Allah ya haɗa shi da shi, shi ne Sarkin Gobir Amadu, wanda ya hau sarautar Isa a 1935. A nan ne za mu komo ga abin da na ce ku riƙe. Mutumin da Hausawa da yawa ke ɗauka ba a yi kamarsa ba a waƙar sarauta, ba a fadar Sarkin Musulmi ya zauna ba, ba a Kano ko Katsina ba, inda dukiya ta ke. A gindin hakimi ya zauna, cikin gari ɗan madaidaici, can gefen lardi, nan kuwa ya ƙare kwanakinsa.

Zaman makaɗin fada da ubangidansa yana da sharuɗɗa, ko da ba a rubuce su ke ba. Sarki ne ci da sha da suturar makaɗi. Shi ke ba shi gida da hatsi, da riga da rawani, da doki, in aure ya tashi ko suna shi ke ɗauka, har da na yaransa masu amshi. Shi kuwa makaɗi, daren Jumma'a yana ƙofar fada, ranar salla yana bayan sarki, in an tashi rangadi ko tafiya Sakkwato yana cikin ayari. Abokin sarki abokinsa ne, maƙiyin sarki maƙiyinsa. Ba shi da ikon ya saɓi kayansa ya tafi wata fada neman kyauta sai da izini. Narambaɗa ya yi wa waɗansu waƙa, kamar Magajin Garin Shinkafi Ibrahim, da Alƙali Abu, da waɗansu sarakunan ƙasar Zamfara na kusa da su, amma waɗannan duk rassa ne. Gindin itacen Amadu ne.

Ku gwada shi da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shata da kalangu ya yi kiɗa, ba shi da ubangida guda. Yau yana Kano, gobe Kaduna, jibi Legas, ya yi wa sarki, ya yi wa attajiri, ya yi wa direba. Ɗankwairo ma, ko da ya ke makaɗin kotso ne na Maradun, ya fita ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, daga baya ya zaga fadodi da yawa har ya rasu a 1991. Waɗannan sun ga duniya, sun kuma sami abin duniya fiye da Narambaɗa nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da zama wuri ɗaya ya ba shi. Mutum ɗaya ya ke yabo shekara da shekaru, gaban jama'a ɗaya waɗanda suka ji ta bara da ta bara waccan. Ba shi da damar ya ɗauki tsohuwar waƙa ya cire suna ya sa wani, kamar yadda mai yawo ke iya yi. Tilas kowace salla ya zo da sabuwar hanya ta faɗin abu guda, watau Amadu ya fi. Wanda aka tsare a rijiya ɗaya, in yana son ruwa sai ya yi ta haƙa. Ina tsammani zurfin da a ke ji a waƙarsa daga nan ya fito.

Yaya ya ke shirya waƙa, tun da ba rubutawa ya ke yi ba? Waƙar fada tana da gindi, watau 'yan layukan da a ke komowa gare su kullum, sa'an nan tana da ɗiya, su ne baitocin da ke biyo baya. Jagora shi ke ƙulla magana, amma ba shi kaɗai ke rera ta ba. Yana da 'yan amshi, su ne kuma masu kiɗa. Su kan keɓe a gida su yi ta bita har kowa ya hardace, sa'an nan a fito da ita. In ka kasa kunne ga faifan Narambaɗa za ka ji ya ɗauko magana ya kai ta rabi ya saki, yaransa su cafe su ƙarasa, shi kuwa ya riga ya ɗauko ta gaba. Ba mai karo da wani, ba mai jiran wani. Waƙa guda ta kan yi tsawo ƙwarai, ga sunayen kakanni a jere ba a saɓa ko ɗaya, duk a ka. Mu da in an aike mu kasuwa da abu biyar sai mun rubuta, ya kamata mu jinjina.

Babbar waƙarsa ita ce Bakandamiya. Makaɗa da yawa suna da waƙar da su ke kira da wannan suna, watau wadda mutum ya zuba iyakar gwanintarsa a ciki, Shata ma yana da tasa. Amma in an ce Bakandamiya ba a ƙara kome ba, masana waƙa ta Narambaɗa su ke nufi. Sarkin Gobir aka yi wa ita, amma rabinta makaɗin kansa ya ke yabo. A cikinta ne ya yi wata magana da ta fi ba ni mamaki duk cikin labarinsa: ya kamanta waƙarsa da ta Alfazazi.

Wanda ya yi zaman makarantar allo ya san wannan suna. Abdurrahman Alfazazi malami ne na ƙasar Andalus, inda a ke kira Sifen yanzu, ya rasu a ƙasar Maroko a shekarar 1230. Shi ya yi Ishiriniya, waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda kowane harafi na Larabci ya ba shi baiti ashirin, daga nan ta sami sunanta. Ita ce a ke rerawa a zaurukan malamai da masallatai, balle a watan Mauludi. A ƙasar Hausa ba waƙar da a ke girmamawa kamarta. To, ga makaɗi, ɗan ɗan dambe, mai sunan karya, ya tsaya a fadar jikokin Shehu ya ce tasa kamar waccan ta ke.

Don a gane nauyin wannan magana sai a tuna matsayin kiɗa a gidan. Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafta shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi jihadi da su, ya nuna Musulmi ba su buga ganga sai don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna. Shekara ɗari ba ta cika ba sai ga fadodin zuriyarsa cike da makaɗa, Isa da Tambuwal da Sakkwato kanta. Malamai ba su daina faɗa ba, sarakuna ba su daina saurare ba, makaɗi kuwa yana tsakiya: ana ba shi doki, amma ba a ba shi 'ya. Roƙo a ke kiran sana'arsa. Narambaɗa ya san duk wannan. A ganina ba cewa ya ke yi Amadu daidai ya ke da wanda Alfazazi ya yaba ba, Allah ya kiyaye, ba Musulmin da zai faɗi haka. Abin da ya ke nufi, aikin ƙulla magana da auna ta ilmi ne, shi ma malami ne a fagensa, ba maroƙin da ke bin ƙofa yana ihu ba. A wancan zamani ba mai faɗa masa haka, sai ya faɗa wa kansa. Ko malaman Isa sun ji daɗin kwatancin, wannan wata magana ce.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da ke cikin waƙoƙin nan alheri ne. Rabin aikin makaɗin fada yabo, rabi zambo. A kowane gidan sarauta akwai 'yan sarki waɗanda suka nema ba su samu ba, da waɗanda ke jiran gado, da fadawan da a ke zargi da kai tsegumi Sakkwato ko wurin Bature. Waɗannan su ne abincin Narambaɗa. Ba ya kiran suna. Sai ya siffanta mutum da tafiyarsa, ko gemunsa, ko rowarsa, ko ya mai da shi wata dabba, jama'a su fashe da dariya, don kowa a wurin ya san wanda a ke nufi. Mu yau dariyar kaɗai ta iso mana. Amma ku tuna wanda aka yi wa mutum ne mai iyali, yana zaune a cikin taron, ba shi da makaɗin da zai rama masa, gobe kuma yara za su bi bayan gidansa suna rerawa. Wani laifinsa ke nan an haife shi a gidan sarauta, ya so abin da ubansa ya riƙa. Ban ga yadda za a ce wannan adalci ne ba, ko da ya ke in an sa faifan ni ma ina dariya.

Haka kuma ba a ɗaukar waƙar yabo a ce ita ce tarihi. Wanda ya saurari Narambaɗa zai zaci Amadu kullum cikin sulke ya ke kwana, maza na gudu a gabansa. Alhali sa'ad da ya hau sarauta an yi shekara 32 da cin Sakkwato, yaƙi ya ƙare. Aikin hakimi a lokacin shi ne kuɗin haraji da jangali su cika, a gyara hanya, a kwantar da rigimar gona, a tari Bature in ya zo rangadi. Makaɗin ya ɗauko rigar kakanni ne, mutanen ribaɗi, ya sa wa jikansu. Amma ba yabo kaɗai ke cikin wannan ba. In ka ce wa mutum gaban jama'a shi jikan Bello ne, ba ya ƙarya, ba ya tsoro, ba ya cin amana, ka ɗaure shi ke nan, don gobe in ya saɓa kowa ya ji abin da aka ce. Da yawa cikin maganganun Narambaɗa a kan gaskiya da haƙuri da juyin zamani, waɗanda mutane suka mayar kamar karin magana, horo ne aka naɗe cikin yabo. Talaka ba shi da bakin da zai yi wa sarki wa'azi. Makaɗi yana da shi, muddin ya iya naɗewa.

Da yaƙi ya ƙare, doki bai rasa aiki ba, sai ya koma fagen sukuwa. Sarakuna suka shiga gasar dawaki, kowa na neman a ce nasa ya tsere. Sarkin Gobir yana da wani doki da ya yi suna, Narambaɗa ya yi masa waƙa sukutum, ita ce a ke kira Dokin Iska Ɗanhilinge. Ya wasa dabbar nan kamar yadda ya ke wasa basarake, ya yi wa dawakin waɗansu zambo kamar yadda ya ke yi wa 'yan sarki, kiɗan kansa kuwa in ka saurara sai ka ji kamar kofato ne ke sauka. Ɗanhilinge, watau ɗan Filinge, garin nan da aka ce mahaifin makaɗin ya fito. Ga mutum da aka san shi da sunan karyarsa, ya zo ya sa duniya ta san dokin ubangidansa, dokin kuwa ɗan garin ubansa.

Sunan dokin nan ya kawo mu ga harshe. Hilinge ya ce, ba Filinge ba, kamar yadda mu ma mu ke cewa Shinkahi. Da Hausar yamma ya yi waƙa, ta Gobir da Zamfara da Sakkwato, inda a ke cewa yaz zo, da munka tahi, da shina nan, da ɗiya a maimakon 'ya'ya. Bai sassauta ta don Bakano ya gane ba, don ba Bakano ya ke yi wa ba. Littattafan da aka koya mana karatu da su da Hausar gabas aka rubuta su, har waɗansunmu suka riƙa jin kunyar tasu in sun shiga ofis. Sai ga shi ɗaliban jami'a a Kano da Zariya suna zama da alƙalami suna tambayar Basakkwace ma'anar kalmomin Narambaɗa. A nan mutumin Tambuwal da na Kebbe sun yi sa'a, abin da wani ke nema da ƙamus su a nono suka sha shi. Duk da haka akwai kalmomin sarauta da na kayan doki da na yaƙi a cikin waƙoƙin waɗanda ko a nan sai tsofaffi.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun mulkin kai, waɗansu sun rubuta 1960, waɗansu 1963. Allah ya jiƙansa. Ya yi sa'a guda wadda makaɗan da suka riga shi ba su samu ba: na'urar ɗaukar magana ta riske shi da rai. Makaɗan Buhari da na Bello, da waɗanda suka yi wa sarakunan Alƙalawa kiɗa, sun tafi da waƙoƙinsu, wataƙila kuwa a cikinsu akwai wanda ya fi shi. Shi an ɗauki muryarsa, gidan rediyon Kaduna ya yi ta sa ta, daga nan ta shiga kaset, yau tana cikin wayar hannu. Ta haka ta iso Tambuwal da Kebbe, ta wuce har Gana da Sudan, duk inda Bahaushe ya ke. Malaman jami'a suka bi ta da nazari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihinsa tare da na sauran makaɗa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, sa'ad da ya ke jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya yi littafi guda a kansa a 2009, sunan littafin kuwa Narambaɗa.

Ƙasar da ya yi waƙa a cikinta ta sāke ƙwarai. An rushe En'e a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. A 1996 aka yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, iyaka ta ratsa tsakanin makaɗi da ubangidansa: Tubali da Badarawa suka faɗa Zamfara tare da Shinkafi, Isa ta tsaya a Sakkwato. A shekarar 2021 'yan bindiga suka tsananta wa ƙauyukan Isa da Sabon Birni da Shinkafi, mutane da yawa suka bar gidajensu, cikinsu har da tsofaffin da suka san wa aka yi wa wane zambo, da dalilin da ya sa.

Sarkin Gobir Amadu kuwa ya yi shekara 40 bisa sarauta, bai rasu ba sai 1975. Fiye da shekara goma yana zaune a Isa ba Narambaɗa a ƙofar fada, muryar kuwa tana fitowa daga akwatin rediyo tana kiran sunansa.